Sumar kanka rumfa ce kafin ta zama ado

Wata Asabar ce cikin watan Afrilu na je wajen wanzami nace ya kwashe min sumar nan tas, ƙwal-kwabo, don zafi ya ishe ni kuma a tunanina sumar ce take ƙara min shi. Ya jiƙa kan da ruwa da sabulu, ya wasa askarsa a jikin 'yar fatar da yake ratayewa, cikin 'yan mintuna kai ya koma sumul, da iska ta taɓa ni a gindin darbejiyar nan wallahi daɗin da naji har cikin raina. To sai na miƙe, ban zo da hula ba, tafiyar bata wuce ta minti goma sha biyar ba zuwa gida amma wajen ƙarfe ɗaya na rana ne, irin lokacin da zaka duba ƙasa ka ga inuwarka ta maƙale a ƙarƙashin ƙafarka. Kafin in kai rabin hanya tsakiyar kaina ta fara zugi kamar an kifa min murfin tukunya daga kan wuta, gumi na tsiyayowa har cikin ido, na shiga gida da ciwon kai wanda bai sake ni ba sai bayan la'asar. Hanyar nan kullum ina binta da suma a kaina, a irin wannan ranar, ban taɓa jin haka ba. Daga nan na fara bin maganar, kuma abin da na samu ya sa na daina yi wa gashin kai kallon kayan kwalliya kawai.

Fara duba abin mamakin da ke jikinka tukun. Akuya, jaki, kare, biri, duk gashi ya lulluɓe su daga kai har ƙafa, kuma tsawonsa kusan ɗaya ne ko'ina. Mu kuwa jiki fili, sai can a ƙololuwa aka tara gashi cunkus, kuma shi wannan na saman in ka ƙyale shi sai yai ta tsawo shekara da shekaru. A gaskiya ma ba wai bamu da gashi a jiki bane, mutum yana da ƙofofin gashi kusan miliyan 5 a fatarsa, kuma da aka ƙirga yawansu sai aka ga bamu da wani nisa da birin nan cimfanzi, bambancin kawai namu siriri ne gajere wanda sai ka ɗaga hannu a hasken rana zaka ganshi. Cikin miliyan biyar ɗin nan wajen 100,000 ne suke fatar kai, su ne kuma suke fitar da gashi mai kauri mai tsawo. Tambayar kenan, me yasa aka sassauta wa jiki aka cika kai?

Amsar tana farawa ne daga gumi. Ɗan Adam gwanin gumi ne, muna da 'yan ƙananan maɓuɓɓugan zufa tsakanin miliyan 2 zuwa 4 a fata, kuma yadda suke cunkushe a fatarmu ya ninka na cimfanzi kusan sau goma. Yadda gumi yake sanyaya jiki kuwa duk wanda ya taɓa shan ruwan randa ya sani ko da bai san sunansa a kimiyya ba: ruwa yana tsattsafowa ta jikin randar, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafin, sai na cikin ya yi sanyi. Ka naɗe randar nan da bargo mai kauri ka gani, aikin ya lalace. Haka fatar mutum take, in da gashi mai yawa ya rufe ta gumin zai jiƙa gashin ne kawai, iska bata kai ga fatar ba. Shi yasa jiki fili ya fi dacewa da halittar da take dogara da gumi, mai tafiya da aiki da rana tsaka lokacin da zaki da kura suke kwance a inuwa suna haki.

To amma gumi ba kyauta bane, da ruwan jikinka kake biya. Mai noma ko lebura a rana yana iya zubar da lita guda ko fiye cikin awa ɗaya, ga gishirin jiki da yake bi. A wajen da ruwa yake da nisa, duk dabarar da zata rage maka yawan gumin da kake buƙata, dabarar tsira da rai ce. Nan ne gashin kai ya shigo.

Mu a tsaye muke tafiya da ƙafa biyu. Wani masani ɗan Ingila mai suna Peter Wheeler ya yi wannan lissafin tun a 1984, yace dabba mai ƙafa huɗu da tsakar rana gadon bayanta gaba ɗaya ne yake shan rana, shi kuwa mai tsayuwa ya rage wa rana wajen duka sosai, sai dai ɗan wajen da ya rage ɗin, wato tsakiyar kai da kafaɗu, shi yake karɓar ta kai tsaye babu sassauci. A ƙasashenmu wannan ba lissafin takarda bane, a Kano wajen ƙarshen Afrilu rana tana zuwa daidai saitin tsakiyar kai da azahar, Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa zafi ya haura digiri 40 ba labari bane a wannan watan, a Afrilun 2024 ma garin Kayes na ƙasar Mali sai da aka auna 48.5. Kuma me ke ƙarƙashin wannan ɗan wajen da rana take duka? Ƙwaƙwalwa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba amma tana cin wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki yake ƙonawa, ma'ana ita kanta murhu ce mai fitar da zafi dare da rana, sannan kuma tana cikin sassan da basa jure zafi ko kaɗan. Zafin cikin jiki in ya haura digiri 40 mutum yana fara ruɗewa, ya yi sambatu, ya faɗi, in ba a yi gaggawa ba a rasa shi. Kaga inji ne mai saurin ɗaukar zafi aka ɗora a wajen da rana ta fi duka. Dole a yi masa rufi.

Wannan magana an daɗe ana faɗinta a matsayin hasashe, sai wata masaniya Tina Lasisi, lokacin tana jami'ar Penn State a Amurka, tare da Nina Jablonski da George Havenith na jami'ar Loughborough a Ingila da wasu abokan aikinsu suka ce bari a auna a gani, aka wallafa sakamakon a 2023. Abin da suka yi ya burge ni saboda sauƙinsa. Sun ɗauko wani mutum-mutumi mai amfani da lantarki wanda ake riƙe ɗumin fatarsa a digiri 35 kamar na mutum, suka zaunar da shi a ɗakin da ake iya saita zafinsa, ga iska ana hurowa da ƙarfi daban-daban, ga fitilu a sama suna yin aikin rana. Sai suka gwada shi hali huɗu, kai babu gashi, sannan da hular gashi mai santsi miƙaƙƙe, da mai ɗan lanƙwasa, da mai murɗe-murɗe sosai irin namu. Ta hanyar duba yawan wutar da mutum-mutumin yake ja don ya riƙe ɗuminsa, sai a gane yawan zafin da ya shige shi daga fitilun. Sun kuma jiƙa fatar kan don ta zama kamar mai gumi suka sake aunawa.

Sakamakon: kowane irin gashi ya rage zafin da yake isa fatar kai, babu wanda bai fi ƙwal-kwabo ba. Amma wanda ya fi kowanne karewa shi ne mai murɗe-murɗen nan. Akwai kuma wani ɓangare da bai kamata a ɓoye ba, kai mara gashi ya fi saurin busar da gumi, wato wannan daɗin da naji a gindin darbejiya gaskiya ne, a inuwa mai aski ya fi jin iska. Sai dai da zarar an fita rana, zafin da yake shigar masa ya yi yawan da sai ya zubar da gumi mai yawa kafin ya biya, shi kuwa mai suma tun farko zafin bai shiga da yawa ba balle ya nemi ruwan kashe shi. Riga-kafi kenan, wanda aka ce ya fi magani.

Dalilin da yasa murɗaɗɗen gashi ya yi zarra, ka tuna da ɗakin jinka da ɗakin kwano. Kwano siriri ne ya kwanta, rana na dukansa yana miƙo maka zafin. Jinka kuwa tana da kauri amma ba a toshe take ba, tsakanin ciyawa da ciyawa duk iska ce, rana tana ƙarewa a saman, ƙasan yana shaƙar iska. Gashi mai santsi kwanciya yake yi a kan fata kamar an shimfiɗa zani, namu kuwa saboda kowane sili a murɗe yake kamar sifirin, sai ya tashi tsaye ya yi tudu, ya bar tazara tsakanin inda rana take duka da inda fata take, kuma cikin tudun nan rabinsa iska ce, gumi yana samun hanyar fita. Wannan ya amsa tambayar da nasan wani zai yi, cewa ai baƙin abu zafi yake ja. Eh yana ja, amma a ina yake tsayawa? A saman sumar, nesa da fata, inda iska zata kwashe shi. Ka taɓa saman sumar yaro da ya dawo daga wasan rana zaka ji ta da zafi rau, ka cusa yatsa zuwa fatar kan zaka ji bambanci. Irin wannan aka taɓa gani a 1980 lokacin da wasu masana suka auna baƙar riga da farar riga irin ta Larabawan ƙauye a hamada, baƙar ta fi ɗaukar zafi a waje amma wanda ya isa jikin mai sanye da ita kusan ɗaya ne, saboda rigar mai yalwa ce iska tana zagayawa a ciki. Buzaye da suke naɗa rawani mai kauri a tsakiyar Sahara ba wai basu san zafi bane, sun fi mu saninsa.

Raƙumi ma shaida ne. Knut Schmidt-Nielsen, wanda ya yi bincike kan raƙuma a hamadar Aljeriya a shekarun 1950, ya aske wa raƙumi gashinsa ya auna, sai ya ga ruwan da yake asara ya ƙaru da kusan rabi. Gashin da kake ganin kamar kaya ne a gadon bayansa, shi yake tsare masa ruwan jikinsa. Mu namu gadon bayan da yake kallon sama shi ne tsakiyar kai.

Su masana tarihin halittu suna ɗora wannan a kan dogon labarin da suke bayarwa, suna cewa wajen shekara miliyan 2 da suka wuce a gabashin Afirka aka fara samun masu siffar jiki irin tamu, dogaye masu doguwar ƙafa, kuma daga lokacin ne ƙwaƙwalwa ta yi ta girma, misalin da suka fi kawowa shi ne ƙwarangwal ɗin wani yaro da Kamoya Kimeu ya gano a 1984 kusa da tafkin Turkana a Kenya. A ganinsu rufin gashi a ka yana cikin abubuwan da suka ba babbar ƙwaƙwalwa damar zama lafiya a wannan rana. Nasan da yawanmu muna da ja a kan wannan labarin na asali, kuma gashi ba ya zama dutse kamar ƙashi balle a tono a nuna, gwajin mutum-mutumi ma abin da ya tabbatar shi ne yadda zafi yake ratsa gashi yau, ba abin da ya faru a da can ba. Ni dai abin da ya tsaya min shi ne wanda ake iya aunawa, kuma in na kalle shi hikimar Mahalicci nake gani ƙarara, jiki an buɗe shi don gumi ya yi aiki, kai an rufe shi don kar a ɓarnatar da gumin.

Sanyi fa? Nan ma gashi yana aiki, iskar da ta maƙale a cikinsa ita take riƙe ɗumi, duk wanda ya yi sabon aski da hunturu ya fito sallar asuba ya san wannan. Sai dai maganar da ake yawan yaɗawa cewa wai rabin ɗumin jiki ta kai yake fita ba haka bane, a babban mutum kai wajen kashi 10 ne cikin ɗari na faɗin fata kuma zafin da yake fita ta nan bai yi nisa da haka ba. Inda maganar take da ƙarfi shi ne jariri, don shi kansa babba ne in aka gwada da jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar, ga shi bai iya riƙe ɗumin jikinsa sosai ba tukuna. Saboda haka in an yi askin suna ranar bakwai, musamman da sanyi, hular nan da kakanni suke nacewa a saka masa ba al'ada ce kawai ba, an cire masa rufinsa ne dole a ba shi wani.

Akwai ƙananan ayyuka da ba sai an daɗe a kansu ba. Gashi yana tare hasken rana mai ƙona fata, shi yasa a ƙasashen Turawa masu sanƙo suke yawan samun ciwon fata har da kansa a tsakiyar kai, a wajenmu kuma zabiya su ne abin ya fi shafa, hula mai faɗi irin malafa a wajensu magani ce. Yana rage raɗaɗin ƙananan bugu da ƙarzuwa, ka bugi ƙofar ɗaki da suma ka bugeta da sabon aski ka ji. Sannan kowace saiwar gashi jijiyoyin ji sun naɗe ta, silin ya ɗan motsa kaɗan ka sani, shi yasa kiyashi yana hawa kanka kake kai hannu tun kafin ya ciza. A jami'ar Sheffield an taɓa gwada wannan da kuɗin cizo a 2011, aka ɗora shi a hannun da aka aske da wanda ba a aske ba, mutane sun fi saurin jin motsinsa a hannu mai gashi.

Yanzu maganar tsawo, don ita ma mutane suna ruɗewa. Silin gashin da kake gani matacce ne, wani sinadari ne mai tauri da ake kira keratin, irin wanda aka yi farce da ƙaho da kofato da shi, shi yasa aski ba ya zafi. Mai ran yana can cikin fata, a gindin ramin, inda ƙwayoyin halitta suke ta rabuwa suna turo silin sama, wajen santimita ɗaya a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka kaɗan. Kowane rami yana da zagayensa shi kaɗai: ya yi shekara 2 zuwa 6 ko 7 yana fitar da gashi ba tsayawa, sai ya yi sati biyu zuwa uku yana janyewa, sai ya huta kamar wata uku, tsohon silin ya faɗi sabo ya taso. A kowane lokaci kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari suna kan aiki, sauran suna hutu, shi yasa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo bane, kuma da yake ba tare suke hutawa ba kai ba ya taɓa zama fili. Gira kuwa lokacin aikinta 'yan watanni ne kawai, shi yasa bata taɓa sauka ta rufe maka ido. Ba wai gira ta san inda zata tsaya bane, lokacinta ne yake ƙarewa da wuri. Akwai kuma waɗanda nasu zagayen ya zarce misali, wata 'yar China Xie Qiuping da aka auna gashinta a 2004 ya haura mita biyar da rabi.

Wannan ya kuma kashe maganar cewa yawan aski yana sa gashi ya yi kauri ko ya cika. Aska bata isa inda ake ƙera gashin ba, saman kawai take yankewa, abin da yasa sabon tsiro yake kama da mai kauri shi ne bakinsa a datse yake ba a fiƙe ba. Wata masaniya Mildred Trotter ta gwada wannan tun 1928 bata ga wani canji ba. Kuma ga abin da nake so a riƙe, yawan ramukan gashin da zaka rayu da su an gama ƙirƙirarsu tun kana ciki, bayan haihuwa ba a ƙara ko ɗaya.

Da yake gindin gashi yana cikin wuraren da ƙwayoyin halitta suka fi saurin rabuwa a jiki, abinci yake ci sosai, kuma da jiki ya shiga matsi shi ake fara yanke wa kaso, don zuciya da hanta sun fi shi muhimmanci. Wannan ya mayar da gashi kamar allon sanarwa na lafiyar mutum. Yaron da tamowa ta kama zaka ga gashinsa ya yi ja-ja, ya yi laushi, ya yi tsilli-tsilli, ka ja kaɗan ya biyo hannu, wannan yana cikin alamomin ciwon kwashiyoko da likita Cicely Williams ta bayyana a shekarun 1930 a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, sunan ma daga yaren Ga ta ɗauko shi. Wanda ya yi doguwar jinyar taifod ko wani zazzaɓi mai tsanani, bayan wata biyu zuwa uku da warkewa sai gashi ya fara zuba, saboda lokacin ciwon ramuka da yawa sun tafi hutu a tare. Mai jego ma haka, lokacin ciki sinadaran jiki suna riƙe gashin da ya kamata ya zube, bayan haihuwa da wata biyu zuwa huɗu sai ya zubo gaba ɗaya. Na ga wannan a gidanmu, ƙanwata tana zaune a tabarma tana taje kai, ta ɗago matajin cike dam da gashi ta kalle shi kawai sai hawaye, wata maƙwabciya har ta fara cewa a nemi taimako ko hannu aka sa mata. Ba kowa ya taɓa ta ba, kafin yaron ya shekara gashin ya dawo. In ya ƙi dawowa to a duba ƙarancin jini, don shi ma yana jawo zubar gashi kuma ya yi yawa a cikin matanmu. Maganin kansa da ake kira kimo shi ma ta nan yake zubar da gashi, yana farautar ƙwayoyi masu saurin rabuwa ne sai ya haɗa da gindin gashi.

Don haka da masana irinsu Darwin tun 1871 suke cewa gashi yana da hannu a sha'awa da zaɓen abokin zama, ba abin musu bane, cikar gashi da sheƙinsa suna ba da labarin ƙuruciya da ƙoshin lafiya ba tare da an buɗe baki ba, furfura kuma tana ba da labarin shekaru, ita furfura ba komai bace illa ƙwayoyin da suke zuba launin melanin a cikin silin sun daina aiki. Sanƙon maza shi kuma gado ne haɗe da wani sinadarin maza da ake kira DHT wanda yake sa ramin ya yi ta tsukewa har silin ya koma siriri kamar na jariri, ba hula ce take kawo shi ba, ba kuma ɗaukar kaya da gammo ba. Ado da alama duk aikin gashi ne, ban musa ba, amma a ganina a kan rumfar aka gina su.

Inda abin yake min ciwo shi ne yadda muka ɗauki irin gashin da ya fi dacewa da ranarmu muka mayar da shi abin kunya. Yarinya tun tana 'yar shekara biyar ana ce mata gashinta tauri gare shi kamar soson ƙarfe, mai santsi shi ne mai kyau, sai a kama shafa mata rilaksa. Gaskiya ne gashinmu yana da wuyar sha'ani, kuma akwai dalili: ramin da yake fitowa a lanƙwashe yake, silin kuma ba zagayayye bane, a ɗan shafe yake, duk inda ya murɗa wajen ya zama mai rauni da saurin karyewa, sannan man da fatar kai take fitarwa da kanta ba ya iya gangarowa ya bi duk lanƙwasar nan har ƙarshe, shi yasa yake bushewa, balle da hunturu. Iyayenmu da suke bin sa da man kaɗanya da man shanu sun gano maganin tun kafin a san dalilin. Kuma yawancin masu cewa gashinsu ba ya tsawo, yana tsawo, karyewa yake daga baki daidai yadda yake tsirowa daga gindi. Ita rilaksa aikinta shi ne ta tsinka ɗaurin da yake riƙe da murɗin a cikin keratin ɗin, silin ya miƙe amma ya rasa ƙarfinsa, ya kwanta a fata, tudun nan mai iska ya tafi, wani lokacin ma ta ƙona fatar kan har ta yi ɓawo.

Sai kuma a ɗora kitso mai tsauri a kan wannan gashin da ya riga ya raunana, ko a ƙara masa nauyin atach. Kitso kansa ba laifi bane, yana ma kare bakin gashi daga karyewa da ƙura, matsalar ja ce. Wata likitar fata a Cape Town ta Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ta duba wannan a 2007 ta samu kusan mace ɗaya cikin uku a cikin waɗanda ta duba gashin gaban goshinsu ya ci baya saboda ja, har da 'yan makaranta, kuma abin ya fi tsanani a wajen masu haɗa rilaksa da kitso. Ba sai an je Afirka ta Kudu ba, ki duba gaban goshin mata a gidan biki in ɗankwali ya zame. Alamun suna zuwa da wuri kuma a fili suke, yarinya ta taso daga gaban makitsiya girarta a ɗage, ta kasa sunkuyawa, ta kasa kwanciya a gefen kan, a ce a bata Panadol zuwa jibi zai saki, washegari ki ga 'yan ƙuraje farare sun jeru a bakin kitson ta goshi da ƙeya. Wannan ƙurajen saiwar gashi ce ake tumɓukewa a hankali. A farkon lamarin in an tsefe an bar kan ya huta gashin yana dawowa, amma in aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru ramin yana mutuwa ya zama tabo, fatar ta yi sumul tana sheƙi, a nan kuma babu man da za a shafa ya tsiro, don ramin da aka haife ta da shi ne ya tafi kuma jiki ba ya yin sabo. In kin ga ƙurajen nan a kan 'yarki ki tsefe layin gaban a daren, ko da kuwa jiya aka biya kuɗin kitson.